Filin Masu Karatu: Fita Kallon Ƙasa da Mota a Tsakiyar Damina

Tun da ruwa ya zauna, wasiƙun da ke shigo mana suka karkata ga abu guda: mutum ya samu hutu, daji ya yi kore shar, yana son ya ɗebi iyali ya zaga ya ga ƙasa, amma hanya tana ba shi tsoro. Mun zaɓi bakwai daga ciki, mun taƙaita wasu saboda fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne, hutuna ya faɗo a watan Agusta. Ina son in fita da maiɗakina da yara uku na kwana uku a ƙaramar mota, mu ga duwatsu da ruwa. Abokaina sun ce ba mai hankalin da zai yi yawo cikin marka. In haƙura sai kaka? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, abokanka sun faɗi rabin gaskiya. Wanda zai tashi Kano da la'asar ya ce sai ya kwana a Jos, shi kam ba mu goyi bayansa ba. Amma abin da kake son gani, ruwa yana zubowa daga kan dutse da tsaunuka sun sha kore, ba shi da lokaci kamar yanzu. Ka je wuraren nan a watan Maris, za ka tarar ruwan ya rame, ciyawa ta ƙone.

Abin da za ka riƙe shi ne agogo. Hadarin ƙasar nan yawanci daga gabas yake haɗowa, kuma ya fi sauka tsakanin bayan azahar zuwa dare. Safiya takan yi sarari. Don haka tafiyar damina ta sassafe ce: ka yi asuba, ka bari gari ya waye yadda za ka iya ganin rami, ka kama hanya wajen shida da rabi, ka tsara yadda ƙarfe biyu za ta yi maka a masauki. Marka ce kaɗai ke saɓa wannan, don a Agusta akan wayi gari ana ruwa, sama ta ƙi buɗewa har azahar. Irin wannan ruwan ba kasafai yake zuwa da iska ba, ana iya tafiya cikinsa a hankali, sai dai ka rage zangon ranar. Shi ya sa tafiyar kwana uku ake ware mata huɗu.

Mun fi ba ka shawarar Filato, saboda kusan duk abin kallon yana bakin kwalta. Rana ta farko ka isa Jos. Kana iya bi ta Tudun Wada da dajin Falgore ka faɗa Saminaka, ko ta Zariya da Pambeguwa, ko ta Ningi ka fito kan titin Bauchi zuwa Jos. Wadda ta fi a cikinsu takan canza daga mako zuwa mako, kuma amsar tana tasha. Ka je da yamma ana gobe za ka tafi, ka nemi direban da ya shigo daga Jos a ranar, ka tambaye shi inda ruwa ya ci hanya, inda ake aiki, da inda ba a bi bayan la'asar saboda tsaro. Taswirar waya ba ta san kwalbatin da ya karye jiya da daddare ba. A Agustan 2024 babban titin Kano zuwa Maiduguri ma, duk da sabuntarsa, ruwa ya datse shi a kusa da Azare.

Rana ta biyu ka nufi kudu. A kan hanya za ka ga duwatsun Riyom, manyan curi-curi a ɗore kan juna kamar wani ne ya jera su. Daga nan sai gangaren Hawan Kibo, a gindinsa kuma magangarar ruwa ta Assop, kimanin kilomita 60 daga Jos. Gangaren nan ya ci mutane da yawa, galibi saboda birkin manyan motoci da ke tsinkewa. Ka sauka da giya ta biyu ko ta uku, kada ka kuskura ka sa mota a firi, kuma idonka ya riƙa komawa kan madubi. In ka ga tirela ta matso ka ta baya, nemi fili ka ba ta hanya. Ku gama kallo ku juyo kafin azahar.

Rana ta uku ta dogara da sama. In ta buɗe, ku leƙa gindin tsaunukan Shere a gabashin gari. In ta rufe, gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, yana da rufi, kuma yara za su ga kayan yumɓun Nok. Garin yana sama da mita 1,200, saboda haka a ɗaukar wa kowa rigar sanyi. Abu ɗaya kuma: tafkunan da za ku riƙa gani a gefen hanya masu ruwa garai-garai, yawancinsu tsofaffin ramukan haƙar kuza ne. Bakinsu a tsaye yake, zurfinsu ba a magana. Kada yaro ya je wanke ƙafa.

Tambaya: Ni malamar sakandare ce. Za mu kai ɗalibai 18 kallon ruwan Gurara a watan Satumba. Wasu iyaye sun tsorata, suna cewa ruwan yana cin mutane. Me ya kamata mu kula da shi? Daga wata malama a Abuja.

Amsa: Malama, kin zaɓi lokacin da ruwan ya fi cika. Gurara tana kan hanyar Suleja zuwa Minna, ana ratsewa kusa da ƙauyen Bonu. Tsayin magangarar ya kai kimanin mita 30, faɗinta a damina ya kusa mita 200. Tun kafin ku hango ta za ku ji rugugi, ruwan ja ne kamar kunun kanwa, feshinsa kuma yana jiƙa mutum daga nesa.

Iyayen ba su yi ƙarya ba, sai dai haɗarin yana da wuri takamaimai. Da rani mutane kan sauka su yi wanka a kududdufan gindi. A damina babu wannan, ko da tsoma ƙafa ne. Kogin yana kwaso ruwa tun daga kudancin jihar Kaduna, kuma akwai madatsar ruwa a samansa. Ana iya ƙwalla rana a inda kuke tsaye, alhali ruwan da aka tafka can sama cikin dare yana kan hanyarsa ta isowa. Alamarsa: ruwan ya ƙara duhu, ya fara ɗauko karare da rassa, ƙararsa ta canza, dutsen da kuka gani a bushe ɗazu ya nutse. Da kin ga ɗaya daga ciki, kowa ya hau sama.

Santsi shi ne na biyu. Dutsen da feshi ke jiƙawa kullum yana yin gansakuka, ya fi sabulu. A hana silifas, kowa ya sa takalmi mai ƙasan roba da ke kama ƙafa, 'yan mata su tattare hijabi kada ya shiga ƙarƙashin sawu. Babba ɗaya ga ɗalibai biyar ko shida, kuma a ƙirga su duk lokacin da aka tashi daga wuri. Hoton da mutum ke juya wa ruwa baya yana ja da baya don ya fito sosai, shi ne ya fi jefa mutane. Ki shata layi da kanki, ki ce ba mai tsallakewa.

Sai tsawa. In kin ga walƙiya, fara ƙirga daƙiƙa har ki ji ƙarar. Kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. In ba ta kai talatin ba, a bar kan dutse da bakin ruwa, a koma cikin bas a rufe gilasai, a jira rabin awa bayan tsawa ta ƙarshe. Ƙarfen jikin mota ne ke karewa, ba taya ba, don haka babur da Keke Napep ba mafaka ba ne, gindin bishiya kuwa ya fi ko'ina muni. A kan hanyarku za ku wuce dutsen Zuma, wanda ke jikin naira ɗari. Bayan ruwa yakan yi zane-zanen tsiyaya har ƙasa. In za ku tsaya, direba ya sauka daga kwalta gaba ɗaya.

Tambaya: Ban daɗe da fara tuƙi ba. Rannan ina kan 90 cikin ruwa sai na ji sitiyari ya yi sakayau kamar ba a haɗe yake da komai ba. Ga gilashi yana yin gumi ta ciki. Kuma daidai ne in kunna hazad kamar yadda kowa ke yi? Daga wani matashi a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya tsare gaba. Abin da ya faru shi ne tayoyinka sun bar kwalta sun hau kan ruwa. Zanen da ke jikin taya magudana ne, aikinsa ya fitar da ruwa gefe. In gudu ya yi yawa ko zanen ya suɗe, ruwan ba ya samun mafita sai ya ɗaga tayar. Yakan fara daga wajen kilomita 70 zuwa 80 a awa inda ruwa ya kwanta, da suɗaɗɗiyar taya kuwa tun ƙasa da haka. In ya sake faruwa, ɗage ƙafa daga totur a hankali, kada ka taka birki, kada ka murɗa sitiyari, riƙe shi sak har ka ji nauyi ya dawo hannunka. Ka kuma guji kwarin da tayoyin tirela suka lotsa a kan kwalta, nan ruwa ke taruwa.

Duba tayarka yau. A cikin ramin zanen akwai wasu 'yan tudu da aka sa a matsayin alama; in fuskar taya ta yi daidai da su, saura milimita 1.6, ta gama aiki. Don tafiyar damina ma kada ka yarda da ƙasa da milimita 3. A gefen taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, masu nuna lokacin da aka ƙera ta: 1223 na nufin mako na 12 na shekarar 2023. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana ɗaukar shekara huɗu a matsayin wa'adin taya, kuma yawancin 'yan gwanjo sun wuce haka tun kafin su iso. In guda biyu kawai za ka iya saya, sa sababbin a baya, don in baya ya zame mota juyawa take yi. Iska kuma ka bi abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, a ƙananan motoci yawanci 30 zuwa 33 ne. Masu faci da yawa kan buga 45 ko 50 in ba ka tsaya a kansu ba, wannan yana rage inda taya ke taɓa ƙasa.

Gumin gilashi numfashinku ne ke sauka a kan gilashi mai sanyi. Kunna AC, juya iskar zuwa gilashin gaba, ka buɗe maɓallin shigar iskar waje. In babu AC, sassauta gilasan gefe kamar faɗin yatsa biyu, kuma tun a gida ka shafa ɗan sabulun ruwa ta ciki ka goge da busasshen ƙyalle. Robar waifa rana ce ke cinye ta da rani. In tana barin layi ko tana kuka, canza ta.

Hazad na motar da ta tsaya ne. In kana tafiya da shi, na bayanka bai san ko a tsaye kake ba, kuma ba ka da siginar kwana. Kunna ƙaramin haske, don babba dawo maka yake yi cikin ido. A kan 80 mota tana cin mita 22 kowace daƙiƙa, saboda haka bar tazarar daƙiƙa biyar tsakaninka da na gaba. In ruwa ya fi ƙarfin waifa, sauka daga titi ka shiga gidan mai ko fili, nesa da bishiya da turken lantarki, sannan ka kunna hazad ɗin.

Tambaya: Mukan je ƙauyukan Jigawa da Bauchi kallon gonaki da fadama. Sau da yawa sai mu tarar ruwa ya haye kan hanya. Yaya ake gane wanda za a iya tsallakewa? Daga wani Alhaji a Dutse.

Amsa: Ranka ya daɗe, farkon abu ka tsaya ka fito. Daga cikin mota ba a auna ruwa. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15, wato ya ɗan haura idon sawu, yana iya kwashe ƙafar ƙato. Santimita 30 tana ɗaga ƙaramar mota, tayoyi su daina riƙe ƙasa. Santimita 60 kuwa har jif da Hilux tafiya take da su. Mota akwati ce mai iska a ciki, in ruwa ya kai cikinta sai ta zama kwalekwale marar matuƙi.

Ka kafa kara a daidai bakin ruwan, ka jira minti goma sha biyar. In ruwa ya wuce karan, yana kan hauhawa ne, ja motarka baya zuwa tudu. In ya janye ya bar laima, yana sauka. Ƙananan koramu sukan faɗa cikin awa ɗaya zuwa uku bayan an ɗauke ruwa, jiran nan shi ne mafi arha a duk tafiyar. Amma ruwan fadamar Haɗeja da ya malalo daga kogi wani abu ne daban, shi yakan yi makonni, sai dai a sake hanya.

Zurfi ba shi kaɗai ba ne. Abin da ya fi kisa shi ne hanyar da babu ita a ƙarƙashin ruwan. Inda kwalbati ya yi wa ruwa kaɗan, ruwan kan zagaye shi ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin kwalta, ya bar ɓawo a sama. Nemi tsaga da ta ratsa titi, ko gefen da ya lotsa, ko ruwa yana juyawa kamar ana dama fura a bakin kwalbatin. In ka ga haka, ko a bushe saman yake, kada ka hau.

In ruwan a kwance yake, ba gudu, kuma ka ga mota irin taka ta wuce bai kai mata tsakiyar wili ba, to kana iya shiga. Bari ta gaba ta fita tukuna, kuma kada ka shiga tare da mai zuwa, don igiyar ruwan da tirela ke turowa ta isa ta cika maka inji. Sauke gilasai, kashe AC, sa giya ta ɗaya ko L, bi tsakiyar titi inda ya fi tudu, da saurin mai tafiya a ƙafa, ƙafa a kan totur ba ɗagawa ba canza giya. Masu cewa a shiga da gudu su ne ke cika garejin makanikai. Da ka fita, taka birki sama-sama sau uku ko huɗu kana tafiya, don jiƙaƙƙen birki ba ya kamawa.

Samarin gari da ke tsayawa a irin wuraren nan suna tura motoci, kada ka raina su. Sun san inda rami yake, kuma motar da aka tura a kashe ba ta shan ruwa ta inji. Ku yi ciniki kafin a fara. Da daddare kuwa babu ciniki, ba a shiga ruwa.

In ƙaddara ta sa ruwa ya fara jan mota, kada ka ɓata lokaci a kan ƙofa ko waya. Cire bel, buɗe gilashi tun lantarki na aiki, fitar da yara, ku hau rufi. Ko wajen kwana ma a duba tudu: ambaliyar Mokwa ta 29 ga Mayun 2025, wadda ta hallaka fiye da mutum 150, da asuba ta afka wa gari bayan ruwan dare.

Tambaya: Motata ta mutu a tsakiyar ruwa. Na yi ta murɗa makulli har na ji ta yi ƙas, daga nan shiru. Makaniki ya ce inji ya buga. Ruwa kawai zai yi wannan ɓarnar? Daga wani direba a Gombe.

Amsa: Malam direba, sai haƙuri, murɗa makullin ne ya ƙarasa shi. Inji iska yake zuƙa ta bututun iyakilina, wato matatar iska, fistin ya matse ta. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Ko rabin kofin shayi ya shiga silinda, fistin zai taso ya ci karo da shi kamar ya daki dutse, sai kwanrod, sandar da ke riƙe da fistin, ta lanƙwashe ko ta karye ta fasa bulok. Sau da yawa mutuwar farko ba ta yi ɓarna ba, ƙoƙarin tayarwa ne ke yi. A injin dizal abin ya fi muni, don matsinsa ya fi ƙarfi.

Ga mai karatu da bai kai nan ba: in ta mutu a ruwa, zare makulli, a tura ta waje, a cire kan batir na baƙar waya. Buɗe akwatin iyakilina. In takardar ciki a bushe take, wataƙila lantarki ne ya jiƙe, a bar shi ya bushe. In a jiƙe take, a kwance fulogi duka, sannan a juya inji ruwan ya feso ta ramukan. Zaro sandar gwada baƙin mai: in ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, a juye shi a canza filta, a bar inji ya yi aiki kaɗan a sake juyewa. A duba man giya shi ma, musamman a otomatik, don ruwa kaɗan yana lalata ta bayan makonni. A ɗaga kafet a shanya, saboda a wasu motocin kwamfutar inji da wayoyi suna ƙasa-ƙasa, tsatsa kuma a hankali take cinsu. Kuɗin janwe bai kai kuɗin inji ba.

Tambaya: Yara sun matsa sai mun je Yankari ganin giwaye a wannan hutun. Za mu gan su? Daga wata uwa a Bauchi.

Amsa: Hajiya, sai an yi sa'a. Dajin ya kai murabba'in kilomita 2,244. Da rani ƙishirwa ke koro dabbobi bakin kogin Gaji, shi ya sa daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu aka fi ganinsu. Yanzu ruwa na ko'ina, sun watse, ciyawa ta fi mota tsayi, wasu hanyoyin ciki ma ba sa biyuwa. Kada ki yi wa yara alƙawarin giwa.

Abin da ba ya canzawa shi ne ruwan Wikki, wanda ɗuminsa ke kan digiri 31 rani da damina. Shiga cikinsa ana yayyafi ya isa dalilin zuwa. Ana ratsewa a Dindima kan titin Gombe, daga ƙofar Mainamaji zuwa sansani kuma akwai tafiyar kilomita arba'in da 'yan kai, don haka ku shiga da rana. Birai da gadu suna nan har ƙofar ɗaki. A rufe mota da taga, kada yaro ya riƙe abinci a hannu. A tafi da gidan sauro da dogayen kaya masu haske saboda tsando. A hanya kuma kada a bar yara su yi wanka a kududdufi, nan ake kwaso tsargiya, ko su kutsa cikin ciyawa don fitsari. In maciji ya sari wani, ba ɗauri ba tsaga, a hana shi motsa wurin a nufi asibiti.

Tambaya: Mu biyar ne, muna son hawa Mambila da Sienna a ƙarshen Agusta, mu ga gonakin shayi har mu shiga ƙauyuka. Zai yiwu? Daga wasu abokai a Yola.

Amsa: 'Yan'uwa, zuwa Gembu zai yiwu, shiga ƙauyuka da Sienna kuwa a'a. Da za ku ji tamu, da kun bari sai ƙarshen Oktoba ko Nuwamba, lokacin kore bai tafi ba amma ƙasa ta fara tsanewa. Damina a can ta fi ta ko'ina a Arewa tsawo.

Hanyar ita ce Jalingo, Bali, Serti, Mayo Selbe, daga nan a fara hawa zuwa Maisamari, Nguroje, har Gembu. Ku ba ta wuni guda, ku cika tanki kafin hawa. Saman tudun yana kai mita 1,600, kuma hawan kwana ne a kan kwana, dutse ta hannu ɗaya, kwazazzabo ta ɗayan. A damina gajimare kan sauko ya kwanta a kan titi har ka kasa ganin mita goma, ƙasa da duwatsu kuma sukan zubo daga gangare. Ƙaramin haske, hon a kowace kwana, kowa a hannunsa. Wajen saukowa giya ce ke riƙe mota, L ko 2. Wanda ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama zai ji ƙauri, daga nan feda ta yi laushi. In kun ji haka ku tsaya rabin awa, kada a watsa wa wili ruwa.

Gonakin shayin suna Kakara, dajin Ngel Nyaki kuma yana kusa da ƙauyen Yelwa. Duk inda kwalta ta ƙare, ajiye motarku ku ɗauki shatar tsofaffin Land Rover ɗin da mutanen wurin ke amfani da su, tare da direbansu. Jar ƙasar can in ta jiƙe kamar man shanu take, ga gangare. Wanda ke jin Fulatanci a cikinku shi zai yi ciniki.

In duk da haka kun kafe a taɓo, laifin farko shi ne taka totur. Taya tana juyawa tana haƙa wa kanta rami har cikin mota ya zauna. Kowa ya sauka, a miƙe sitiyari, a kwashe lakar gaban tayoyin da ke ja, a Sienna na gaba ke nan, a cusa tabarmar ƙafa ko rassa ko tsakuwa. A rage iskar taya zuwa wajen 20, a motsa gaba da baya a hankali, a mayar da iskar da zarar an hau kwalta. In za a ɗaga da jak, a ɗora shi kan katako mai kauri, in ba haka ba shi ma nutsewa zai yi. Igiyar ja a ɗaura ta a ƙugiyar da aka tanada, ba a bamba ba, kuma kowa ya matsa nesa, don in ta tsinke bulala ce. Kada ku kauce wa taɓo ta cikin gonar mutum. Ƙasar noma ta fi hanya laushi, ga rigima da mai gona.

Don haka but ɗinku ya kasance da shebur, adda, katako, igiya mai ɗaukar tan uku ko fiye, famfon taya, tocila, takalmin roba, bargo, da tsabar kuɗi a cikin leda, saboda sabis yakan ɗauke, POS ya tsaya. Ku gaya wa wani a gida zangon kowace rana. In la'asar ta riske ku a Serti, ku kwana a nan, ku hau da safe bayan ƙarfe tara lokacin da gajimaren ya fara ɗagawa daga kan hanya.